Ƙofofin da Na Ce a Sayo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya karatun yara? Mu nan lafiya, sai sanyi.

Kafin ki ji a bakin wani, mijinki zai dawo gida ƙarshen wata, kuma da hannuna a ciki. Kin san akanta irina a kamfanin gini, aikinsa neman inda za a rage kashe kuɗi. Na ba da shawarar a riƙa sayo ƙofofi haɗaɗɗu daga masana'anta. Manaja ya yaba mini a gaban kowa, ina ta washe baki. Duk karatun nan nawa bai tuna mini cewa kafintan da ke yin ƙofofinmu, mijinki, ɗaki ɗaya muke kwana ba, kuma shi ya samo mini aikin. An rufe sashensu.

Na koma na roƙi manaja, ya ce ai lissafina babu kuskure.

Jiya na kasa cin abincin da mijin naki ya dafa. Ya turo mini kwanon, ya ce, "Ci, Malam Akanta, kai ke da aiki gobe."

Ki yafe mini. Inna kuwa, ki bari in gaya mata da bakina. Allah ya rufa mana asiri.

Ƙaninki