Jitarka Ta Ƙi Bin Takun Perle

Yaya Otávio,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da ciwon gwiwarta? Ya mutanen Campinas? Ni lafiya lau nake a Jamus, hannuwana ne kawai suka tsage da sharar bargar dawaki cikin sanyi. Kada Mama ta ji.

Kiɗan jitarka ya iso, kuma raina a ɓace yake. Na turo maka bidiyon Perle, goɗiyar da aka ba ni nake hawa, don ka bi takunta da kiɗa, sai ka ja kiɗan a hankali, wai budurwarka Dalva ta ce haka ya fi taɓa zuciya. Jiya Perle ta gama rawarta ta tsaya cak, jitarka tana ta kuka. Mai horar da mu ta ce, "Yarinya, jana'iza za ki kai ta?" Aka kwashe da dariya, na kasa ɗaga kai. In bai gyaru kafin gasar rawar dawaki ta ranar Asabar ba, wata za a ba Perle ta hau.

Na fi Dalva karanta littattafan soyayya, Yaya, amma doki ba ya jiran masoya. Ka sake kaɗawa, idonka a kan kofato.

Ka gaida kowa, har da ita.

Ƙanwarka,
Jussara