Farar Alama a Gefen Kabarinka

Zuwa ga Yayana, Malam Sale,

Assalamu alaikum. Ina miƙa maka gaisuwar da ta wajaba ƙane ya yi wa wansa, ko da ƙasa ta shiga tsakani.

Yaya, ka san ɗabi'ar da ka dawo da ita daga yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Da zarar an ji rugugin jirgi, sai ka sa a kife kwanuka, a kwashe fararen kaya daga igiya. Matan gida suna dariya a ɓoye, Inna tana cewa, "Sale, wa zai ƙona mai don ya jefi rumbun dawa?" Amsarka ɗaya ce: "Na farko ba ya jefa komai, Inna, kallo yake yi. Abin da ke bayansa ake tsoro."

Ka sha ba ni labarin ƙaton jirgin yaƙin nan mai inji huɗu da wutsiya biyu. Na bi diddiginsa a wata ƙasida da na saya a kasuwar Tudun Wada. Amurka ce ta ƙera shi. Sojojin saman Ingila da Kanada da Ostareliya duk sun tashi da shi. Indiya kuwa, waɗanda aka farfasa aka yar bayan yaƙi ta tsinto, ta harhaɗa, suka koma sama. Wannan ya tsaya mini a rai. Ashe irin wannan abu ba ya mutuwa, fenti da ubangida kawai yake sauyawa.

Ban ce shi ne ya zo mana ba. Na duba da kyau, namu inji biyu gare shi. Amma kafin zuwansa masu awo sun jera duwatsu, sun shafe su da farar ƙasa domin a hango daga sama, kuma ba su ga wuri ba sai gefen makabarta, dab da kanka. Na rufe da zana, suka yaye. Jirgin ya yi ta kai da kawowa. Bai jefa komai ba.

Yau abin da ke bayansa ya iso. Ruwa ne, Yaya. An tare kogi a Tiga, an ce mu tashi da zarar an cire amfanin gona. Fadamar Baba ta riga ta nutse. Nakan kafa kara a bakin ruwa, kashegari in neme shi in rasa. Waɗanda suka yi maka dariya suna can suna ɗaure kaya.

Jinka tana ɗaukuwa, turmi yana ɗaukuwa. Kai fa? Ka yi shekaru kana ɓoye mu, ni ga shi na kasa ɓoye ka.

Allah Ya yalwata makwancinka, Ya sa ruwan nan ya zame maka sanyi da rahama, Ya tada ka daga inda Shi kaɗai zai sani.

Ƙaninka,
Isiyaku