Gajimaren da ke Bangon Inna

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan kowa ƙalau, sai Inna, kuma batunta ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin san ɗakinta na ƙurya, wanda rana ba ta leƙawa sai da la'asar. Tun bara wani tabo ya fito a bangon gadonta, kore-kore, yana yaɗuwa a hankali kamar gajimare. Inna ta saba da shi. Takan kishingiɗa ta zuba masa ido, yau ta ce tafki ne da itatuwa, gobe ta ce garken shanu ne ke gangarowa shan ruwa. Mu kuwa kunyar baƙi ta sa muka rataya babbar darduma a kansa. Ashe danshi muka kulle mata daf da matashin kai. Tari ya kama ta, numfashi ya riƙa sarƙewa, har magana sai ta yanka biyu. Likita ne ya tambayi abin da ke kusa da gadonta. Da muka ɗaga dardumar, bayanta ya yi baƙi ƙirin da fumfuna.

Mai gidan da muke haya ya zo da gwangwanin fenti, ya ce laifin damina ne, kuma ba shi ke saukar da ruwa ba. Na tuna masa wata uku ke nan rabonmu da ruwan sama, na roƙe shi ya ɗora tafinsa a bangon. Bangon a jiƙe yake, bututun tankinsa ne ke tsiyaya a ciki. Na ce shara tamu ce, amma gyaran gini nasa ne, haka takardar haya ta ce. Muna tsaye sai tarin Inna ya taso daga ɗakina, inda muka mayar da ita, ya daɗe bai lafa ba. Mutumin ya ajiye fentin. Washegari magini da mai gyaran famfo suka fasa bangon.

Likita ya ce huhun zai ɗauki lokaci. Amma jiya da hantsi, tana zaune bakin taga, labule na kaɗawa a kafaɗarta, ta ba ni labarin ranar da aka haife ki tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsaya neman numfashi ba. Ban katse ta ba, ko da ta maimaita rabinsa.

Ki gaishe min da maigidanki, da Auta, da sauran yara. Goggo da Kawu suna gaisuwa.

Ƙanwarki.