Kujerar Ƙawata

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma na gudu daga gwajin kimiyyar sinadarai, karo na biyu ke nan. Ana fara raba takardu zuciyata ta hau dukan uku-uku, ɗakin ya juya, marata kamar ana matse tsumma. Na miƙe na fice, ko birona ban ɗauka ba. Malamin ya tare ni a baranda, ya ce dama ɗaya ta rage mini a ƙarshen Afrilu, in na sake gudu sai maimaita shekara. Ni da Umma take gaya wa duk wanda ya leƙo gidanmu cewa bana zan gama!

Laraba, 5 ga Maris
Al'adata ta haura mako ba ta ɗauke ba. Na shiga waya ina bincike, duk cutar da na karanta sai in ga tawa ce. Kafin yamma na gama yanke wa kaina hukunci: ba zan taɓa haihuwa ba, kuma kaina ya soma taɓuwa. Tsoro nake ji, wallahi.

Alhamis, 6 ga Maris
Akwai wani ɗaki mai koren labule a bayan asibitin makaranta, inda ake duba ɗalibai kan al'ada, lafiyar haihuwa da damuwa. Na ɗan jefa zancensa a ɗakinmu don in ji ta bakin mutane. Mai gadon da ke saman nawa, wadda muke kira Rediyo saboda surutu, tana yanke farce ta ce, "Duk wadda kika ga ta ɗaga labulen nan, ko ciki ko hauka, babu na uku." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa.

Litinin, 10 ga Maris
Na je. Sai da na yi ta zagaye kamar mai neman akuyar da ta ɓata, na waiwaya hagu da dama, sannan na faɗa ciki.
Sista ce a ciki, wata gajeriya mai gilashi a kan karan hanci. Kujera biyu ne a gaban teburinta, ɗaya ta roba a bakin ƙofa, ɗaya mai laushi kusa da taga. Na ɗosana a ta bakin ƙofa, saboda gudu.
Na ce, "Sista, wata ƙawata ce ba ta da lafiya."
Ba ta ko ɗaga gira ba. Ta ce, "Allah sarki. Me ke damun ƙawar tamu?"
Na zazzage mata komai. Ina cewa "ta ce" ina share hawaye, ita kuma tana miƙo mini hankici tana cewa in kai wa ƙawar. Da zan tafi ta nuna kujerar taga, ta ce, "Waccan tata ce. Duk ranar da ta shirya, tana nan tana jiranta."

Talata, 11 ga Maris
Ai ban yi ƙarya ba. Wa ya fi ni zama ƙawar kaina?

Alhamis, 13 ga Maris
Na koma da saƙon ƙawata. Sista ta koya mini yadda za ta riƙa jan numfashi a hankali idan ƙirji ya fara bugu, ta ce in gwada a gabanta don kada in kai saƙo a karkace. Na gwada. Abin haushi, ya yi aiki.
Sai ta cire gilashi ta ce, "Amma fa 'yata, shawara ana aikawa da ita, jini ba a aikensa. Sai an gwada nata kafin Likita ta san abin yi."
Na ce zan gaya mata. Na fito ina jin haushin Sista, da ƙawar, da ni.

Talata, 18 ga Maris
Jiri ya kwashe ni a matakalar laburare. Da ba don wata mai shara ta riƙe ni ba, da yanzu wani zancen ake yi. Ina zaune a ƙasa na ce wa kaina: ke, kunyar Rediyo za ta rubuta miki jarrabawa?
Kai tsaye na wuce ɗakin. Na nannaɗe hannun riga na miƙa, na ce, "Sista, ki ɗebi nawa. Jininmu iri ɗaya ne da ita."
Ta dube ni ta saman gilashi. "To koma kujerarta, hasken ya fi kyau a can."
Na koma. Kai, ashe laushi gare ta haka! Muka yi dariya har allurar ta kusa faɗuwa. Ta ce rabin waɗanda ke ɗaga labulen nan da ƙawa suke zuwa, maza kuma da aboki, shi ya sa ta roƙi a ƙaro mata kujera.

Juma'a, 21 ga Maris
Ƙarancin jini ne! Zubar jinin da nake yi duk wata ce ta tsotse ni, ita ta kawo jirin, tsoro kuma ya zo ya hau kai. Likita ta duba ni, ta rubuta magani, ta ce ba ta ga abin da zai hana ni haihuwa ba. Na sa ta maimaita. An kuma haɗa ni da mai ba da shawara duk Laraba, saboda tsoron nan ba ƙwaya kaɗai yake so ba.
Na fito ina gaishe da mutanen da ban sani ba.

Lahadi, 23 ga Maris
Na gaya wa Umma a waya. Ta ce, "Shi ne kika ɓoye mini? Ni ma haka na sha fama ina budurwa, ga ku nan kun cika mini gida kun hana ni sakat." Ta yi faɗa, ta yi addu'a, ta koma faɗan. Daɗi ya kashe ni.

Laraba, 9 ga Afrilu
Wannan watan da sauƙi. Na hau matakalar laburare ban tsaya hutu ba.

Litinin, 28 ga Afrilu
Na rubuta gwajin! Da aka ajiye takarda ƙirjina ya buga, na ce masa sannu da zuwa, na ja numfashi irin na Sista, na ɗauki biro. Har ƙarin takarda na nema. Malamin ya kalle ni kamar an canza masa ɗaliba.

Juma'a, 16 ga Mayu
An kafe sakamako. Na ci, kuma ba da ƙyar ba. Umma ta yi ta ihu a waya har na janye wayar daga kunne. Na kai wa Sista labari, ta ce in miƙa wa ƙawata barka.

Litinin, 19 ga Mayu
Ina ninke kaya Rediyo ta sauko daga gadonta, ta zauna a gefen nawa. Yau tashar a kashe take. Ta daɗe tana wasa da zoben hannunta, sannan ta ce, "Don Allah... wata ƙawata ce. Ta kwana biyu ba ta iya barci, kuka kawai take yi, ba ta san dalili ba."
Maganar ciki ko hauka ta zo mini har bakin harshe. Na haɗiye ta, da ƙyar dai.
Na ce, "Ki ce mata ta sa takalminta, zan raka ta."
Rediyo ta sunkuya ta jawo nata.
Ni na ɗaga labulen, da rana tsaka, mutane na ta wucewa. Sai da muka shiga na tuna ban waiwaya ba.