Kofin shayin da Baffa ba ya sha

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin don Allah ki saka mini wannan ba tare da sunana ba, unguwarmu ba ta ɓoye magana, kafin la'asar an san ko wace ce. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, a Briqueterie aka haife ni a nan Yaoundé, a nan kuma nake aure. Mijina direban taksi ne, motar ba tasa ba ce, ranar da ta kwana a garaji to ranar babu cefane. Ni kuma ɗinki nake yi a gida, amma duk wanda ya san unguwar nan ya san teloli sun fi yadi yawa, sai sallah ta matso ake tuna mutum. Bara wata ƙawata da muka yi makaranta tare, zan kira ta Madam tunda haka kowa ke kiranta yanzu, ta same ni a gidan suna, ta kalli hannuna ta ce har yaushe zan zauna ina taka keke bayana yana ciwo. Ta kai ni wani taro a zauren wani otal wajen Elig-Edzoa, ana kiɗa ana tafi, mutane suna hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya suna ba da shaida, wannan ya warke, wancan ya sayi mota. Kamfani ne na wani shayin ganye. Ka sayi kaya ka shiga, ka sayar, ka kawo mutane a ƙarƙashinka su ma su kawo nasu, kuma duk wata dole ka sake sayen kaya ko matsayinka ya faɗi. Na sayar da keken ɗinkina na shiga. Mijina ya yi faɗa, kwana uku ba ya yi mini magana, ni kuwa na ce baƙin ciki yake yi mini. Allah ya yafe mini wannan kalmar.

Abu na farko da aka koya mana shi ne kowa ya ɗauki takarda ya rubuta sunayen mutanen da ba za su iya ce masa a'a ba. Wasu suna ta cizon biro, ni kafin a ce me na cika shafi, don kun san mu da kara, ɗan uwa ya kawo maka abu ko ba ka so sai ka saya. Sunan da na fara rubutawa shi ne na Baffa.

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara shida da babana ya rasu, shi ya aurar da ni, ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba sai dai Uwata, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Mahauci ne, tun ina yarinya yake tsaye a teburinsa daga safe har yamma. Yana da ciwon suga da daɗewa, yana shan ƙwayar asibiti safe da yamma, Inna matarsa tana ajiye masa a cikin gwangwanin madara a kan taga. Da na kai masa shayin ko kuɗin bai tambaya ba, ya ce in ajiye kwali biyu. Sai na faɗa masa abin da aka koya mana, cewa shayin yana wanke jini, kuma a ajiye ƙwayar asibiti na sati biyu don kada ta hana shi aiki. Da bakina na faɗa, ni da ban san komai a kan ciwon suga ba sai sunansa. Ya ce, "To Uwata, tunda ke kika ce."

Sati biyu suka wuce bai koma kan ƙwayar ba. Duk wata yana saye, kuma gaskiya sayen da yake yi ne ya riƙe mini matsayina, don sauran dangi sun saya sau ɗaya sun fita haƙƙin kara, daga nan in sun hango ni da jaka sai su tuna suna da tuwo a wuta. Wata rana na je gidan na ga gwangwanin madarar nan a cike, ƙura ta hau murfin. Na gani da idona. Ban tambaya ba, don na san in na tambaya amsar za ta hana ni sayar masa. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku.

Watanni uku da suka wuce tsinin ƙashi ya soke shi a tafin ƙafa a wajen aiki, ya huda silifas ɗinsa, bai ma ji ba sai da ya zo alwala ya ga jini. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Da aka kai shi asibiti ni na raka su, saboda Faransancin Baffa na ciniki ne kawai, Inna kuma ba ta jin yaren ko kaɗan, ni ce mai fassara. Likita ya duba ƙafar, ya duba takardar gwaji, ransa ya ɓaci, ya ce sugan ya daɗe a sama, ya ce in tambaye shi wa ya ce ya daina shan magani. Ni aka sa in yi wannan tambayar. Na juya na ce, Baffa, yana tambaya wa ya ce ka daina shan magani. Bai kalle ni ba, ya kalli rufin ɗakin ya ce, "Ki ce masa ni na bari da kaina, gajiya na yi." Na juya na faɗa wa likita haka, kalma ɗaya ban canza ba. Bayan kwana biyu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Yanzu yana gida, ana ta zuwa dubiya, kun san dubiyarmu, ba mai tashi sai ya tambayi me ake sha, shi ma ya faɗi nasa maganin. Duk wanda ya shigo zai ga kofin shayina a gefen katifar Baffa yana tururi, kuma zai ji Baffa yana cewa ba don shayin Uwata ba da ba ƙafa kaɗai za a rasa ba. Na ɗauka ya yarda da hakan ne har zuciyarsa, abin yana cina. Sai makon jiya Inna ta ja ni madafa ta rufe ƙofa, ba faɗa ta yi mini ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce tun da suka dawo daga asibiti ko kurɓa ɗaya bai yi ba, ƙwayarsa yake sha a kan lokaci. In ya ji sallama sai ya ce ta haɗa shayin ta ajiye, in baƙi sun tafi ya ce ta zubar a rariya. Ta tambaye shi dalili, ya ce yarinyar nan ta sayar da kekenta, in mutane suka san abin da ya faru wa zai ƙara sayen kayanta, kuma da wane ido za a kalle ta a unguwa. Ashe ya sani. Tun a asibiti ya sani. Na zauna a kan turmi na yi kuka kamar raina zai fita.

Na je na samu Madam na faɗa mata abin da ya sami Baffa. Ta ce ƙaddara ce, ta ce ƙila bai sha yadda aka tsara ba, ta ce ita ba ta taɓa cewa a bar magani gaba ɗaya ba, sati biyu ta ce. Muka yi cacar baki sosai, na gaya mata maganganun da ban taɓa gaya wa mutum ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, bayan duk wannan sai ta ce tunda tsohon yana yabon shayin, in ɗauko muryarsa a waya a saka a taro, irin wannan shaidar tana jawo mutane, zan hau mataki.

Ga inda nake yau. Shekara guda a cikin harkar nan, abin da nake da shi kwalaye ne a ƙarƙashin gado, keke babu, da mata uku da na shigo da su, su ma kara suka yi mini, su ma kwalayen ne a ɗakunansu. In na fita na fita hannu rabbana, ga komawar yara makaranta ta matso, mijina bai san zancen ƙwayar ba, ya dai san Baffa ya rasa ƙafa. Sannan akwai wani dattijo maƙwabcin Baffa mai gyaran agogo, shi ma ciwon suga gare shi, ya zo dubiya ya ji yabon da ake yi, ya aiko matarsa wai in kai masa kwali biyu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, har tana tambayata ko shi ma zai ajiye ƙwayarsa. Na ce mata zan zo. Jiya da na je gaida Baffa shi da kansa ya tuna mini, ya ce, "Uwata kar ki manta da mai agogo, kasuwa ce ta zo."

Don Allah ku gaya mini gaskiya. Akwai hanyar da mutum zai ci abinci a irin wannan sana'ar ba tare da ya ci da kunyar 'yan uwansa ba, ko in tattara kwalayen in zubar in nemi aron keke? In na je gidan mai agogo na faɗi abin da ya faru, na ƙaryata Baffa a gaban maƙwabtansa, mutumin da bai taɓa ƙarya ba sai a kaina. In na yi shiru kuma na san inda shirun yake kaiwa, na riga na gani. Mijina fa, in faɗa masa ko in bari? Kuma da wane baki zan ce wa Baffa ya daina rufa mini asiri, alhali ko haƙuri ban iya ba shi ba har yau?

Ku taimaka ku amsa da wuri, jibi ne Juma'a.