Tattasan Kaka Lazar da Kindirmon Kaka Donka

Zuwa ga Yayata Zornitsa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Yaya Kiril da yara. Allah ya sa sanyin Jamus bai taɓa ƙirjin ƙaramar ba irin na bara, ke kuma ya ƙara miki ƙarfin ƙafa a wurin aiki. Mu nan lafiya lau. Dusar ƙanƙara ta narke, sai laka har idon sawu. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa bene da kanta. Baba yana bakin aiki a Burgas, ya ce sai bikin Ista zai dawo. Kaka Donka kuwa duk gidan nan babu wanda ya kai ta lafiya, kuma saboda ita na zauna rubuta miki takarda, domin in na kira ki a waya tana tsaye a kaina tana gyara mini magana.

Kin dai tuna abin da ƙanƙara ta yi mana bara. Irin tattasan marigayi Kaka Lazar, wanda ya yi ta zaɓa tun kafin a haifi Baba, abin da na iya tsincewa bai cika tafin hannu ba. Ga shi Kawu Boyko ya sayar da dokinsa, babu kashin dokin da za a shimfiɗa a ƙarƙashin ƙasa ya ɗumama iri kamar yadda aka saba. Shi ya sa da kika ce in je in sayi akwatin ɗumi mai wutar lantarki, ban yi miki musu ba. Na je garin Pazardzhik. Mai shagon ya ɗauko mini wani ƙarami, ya ce wai wannan kunna shi kawai zan yi in tafi harkata. Na tambaye shi ina abin rage zafi, ya ce babu, zafinsa ɗaya ne dare da rana. Na ce masa ɗakin girkinmu da rana kamar tanderu yake saboda murhu, da asuba kuma kamar bakin rijiya. Sai ya dube ni ya ce ashe ba sayayya na zo ba, tambayar aure na zo. A ƙarshe na ɗauki mai maɓallin murɗawa, wanda yake yanke wuta da kansa in ɗumi ya kai, mai dogon murfi kamar gilashi da 'yan ƙofofin iska a sama.

Na kawo shi gida, na aje a kan teburin da ke nesa da murhu. Na tankaɗe ƙasa, na jiƙa ta daidai, ba sharkaf ba, yadda in ka matse ta a hannu za ta dunƙule ba tare da ta ɗiga ba. Allah ya taimake ni rabin irin na shuka a faranti na sa cikin akwatin, sauran na mayar cikin ƙyallensa. Na saita ɗumin kamar na jikin mutum ko ƙasa da haka kaɗan, na rufe. Kullum kafin in tafi aiki gidan katako sai na goge raɓar da ke cikin murfin. Kaka tana kallona daga kujerarta, ta ce wai ita ba ta taɓa ganin an kwantar da tattasai a asibiti ba sai a zamanin jikokinta.

Mako ya wuce, wani ya bi shi, ko ɗan fari ban gani ba. Na yi haƙuri, don na san tattasai ba ya gaggawa. Amma wasu abubuwa suka fara damuna. Raɓar murfin tana ƙamshin madara. A ƙasan akwatin ga wasu zagaye-zagaye kamar sawun gindin kwalba. Maɓallin da na bari a tsakiya ina dawowa in tarar da shi can ƙarshe, in mayar, gobe ya koma. Sannan kindirmon gidanmu, wanda duk lokacin sanyi yake fitowa tsararo Kaka tana zagin akuya, sai ga shi ya yi kauri har cokali yana tsayawa a ciki. Ni kuwa ina sha ina yabawa, kamar wawa.

Rannan injin gidan katako ya lalace aka sallame mu da hantsi. Yaya, da na shigo, farantin irina yana kan taga, jikin gilashi mai sanyi, kyanwa tana kwance a gefensa. Akwatin kuma an lulluɓe shi da bargon ulu. Na ɗaga, sai ga kwalabe cike da madara sun jeru kamar mata a coci. Kuma ba namu kaɗai ba. Akwai na Goggo Penka ta tsallaken hanya, akwai na matar firist ɗin cocinmu, kowace da zaren ulu mai launinta a wuyan kwalba don kada su ruɗe. Goggo Penka ma tana zaune tana shan kofi tana jiran nata, ta ce mini, "Sannu da zuwa ɗan albarka, rufe mana kada ya sha iska." Ashe kullum ina fita sai a fitar da irin, a murɗa zafi har ƙarshe, kafin in dawo a mayar da shi. Wato yini yake yi cikin sanyi, in kuma na manta ban duba maɓallin ba, ya kwana yana dahuwa.

Na ce Kaka, me ya sa? Ta ce wai akwati yana zaune yini guda yana shan wuta saboda ƙasa, ƙasar da Allah ya zuba kyauta a waje, alhali madara tana lalacewa. Ta ce in ina da bakin magana in fara dawo da kindirmon da na shanye. Sai ta ƙara da abin da ya sa na ɗauki biro: wai Zornitsa ce da bakinta ta faɗa mata a waya cewa abin kamar injin yin kindirmo yake. Yaya, na san misali kika yi don ta gane. Amma kin san Kaka ba ta jin misali, umarni take ji.

Ban ɗaga murya ba. Na ɗauko farantin na tona da tsinke a gabansu. Irin ya kumbura ya yi baƙi, ina taɓawa yana narkewa. Na ce to, ga rabin tattasan Kaka Lazar nan. Sai ta ce wane Lazar? Ashe ita duk a zatonta irin shago ne na saya tare da akwatin, don ba ta taɓa kawowa a ranta wani mai hankali zai sa irin mijinta cikin roba ba. Ni ma ban faɗa mata ba, na ɗauka ta sani. Ta daɗe tana kallon tsinken. Sannan ta tashi ta fitar da kwalaben ɗaya bayan ɗaya, madarar ko kamawa ba ta yi ba, ta miƙa wa Goggo Penka nata ta ce, "Penka, ɗauki ki je ki naɗe a zanenki kamar yadda uwarki ta yi."

Kada ki ɗauka na huta. Na wanke akwatin na shuka sauran, wanda daga shi babu wani a duniya, sai Kaka ta zama mai gadi. Ta jawo kujerarta gaban teburin. Inna ta zo jona dutsen guga a soket ɗin, ta kore ta. Kyanwa ta sha tsintsiya. Duk wannan da sauƙi. Matsalar ita ce ba ta yarda abu yana ɗumi ba sai ta ji da hannunta, don haka tana buɗe murfin tana tura yatsa, ɗumin yana fita. In na hana ta, sai ta lulluɓe shi da bargo wai kada ya yi mura. Har ruwan da firist ya yi wa addu'a ta so ta zuba, na roƙe ta ta yayyafa a kan murfin daga waje, muka rabu a haka.

Jiya da safe ina daga waje ina ba akuya ciyawa sai na ji ta ƙwala mini kira. Na shigo da gudu na ɗauka gobara ce. Tana tsaye ta dafa teburin, ga wasu 'yan fararen tsiro sun lanƙwaso kai daga ƙasa, ba su da yawa, amma sun isa mu sami iri. Ba ni take kallo ba. Na ji ta ce a hankali, "Kai dai Lazar kullum sai an gama jiranka."

Ga roƙona. Yanzu da suka fito, haske suke so da iska. Dole a buɗe ƙofofin murfin, a rage ɗumi, a matsar da su kusa da taga, in ba haka ba za su yi tsawo siriri su faɗi tun kafin lokacin dashe. Na faɗa mata, ta ce wanda ya kai mata miji bakin taga sai ya bi ta kanta. Ni ba ta jin maganata, har yanzu a wurinta ni ne ƙaramin yaron nan Tisho mai cin ƙasa. Ke take ji. Ran Lahadi ki kira ta ki ce a cire bargo, a buɗe, a kai taga. Ki faɗa ƙarara, kuma don Allah kada ki kwatanta shi da komai.

Ki gaishe da Yaya Kiril, da Yasen, da ƙaramarmu Bilyana. Inna tana gaishe ku, Kawu Boyko ma haka. Goggo Penka ba ta gaishe da kowa a gidan nan tukuna. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki,
Tihomir