Na Sa Ta a Hamsin, Ta Sauko da Saba'in da Ɗaya

Zuwa ga Alhaji, shugaban sashen sufuri na kamfanin rarraba magunguna da ya ɗauke ni direba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, aiki kuma yana tafiya yadda ake so.

Ban sa sunanka ba, ban sa na kamfani ba, domin ba tozarta kowa nake nema ba. Ni ne Mubarak na Mamobi, sabon direban da ke kai magani Aburi da Koforidua, wanda aka dakatar makonni uku da suka wuce. Na rubuta maka da Turanci sau biyu, na miƙa wa sakatariyarka hannu da hannu. Na zo ofis sau huɗu. Sau uku aka ce kana mitin, na huɗun aka ce yanzu ka fita. Na gaji da zaman bencin nan, ranka ya daɗe. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, kuma da Hausa, domin kai ma ɗan Zango ne, a Nima aka haife ka, kuma domin a iya karanta wa kawuna ya ji abin da na ce.

Takardar dakatarwa ta ce na yi tuƙin ganganci sau uku a gangaren dutsen Aburi. Sufabaizanmu ya ce hanyar dawowa aiki ɗaya ce: in sa hannu a takardar amsa laifi, in kuma zo da wanda ya tsaya mini ya ba da haƙuri. Wanda ya tsaya mini shi ne Kawu Seidu, yayan mahaifiyata. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan babbar mota tsakanin Tema da Bawku, ba a taɓa kai shi caji ofis ba. Yanzu gwiwoyinsa sun gaji, da kujera yake sallah. Ya ce ranar Litinin zai zo ofishinka ya roƙe ka. Wannan zuwan nake so ka tare, kuma ga dalilaina.

Na ɗaya. A makon da na kama aiki aka raba mana takardar umarni, aka manna kwafinta a allon sanarwa. Ta ce da zarar direba ya fita gari, ya kunna na'urar nan da ke riƙe wa mota gudu, wadda direbobi ke ce wa kurus, domin a rage shan mai kuma kada kowa ya wuce ƙa'ida. Ta ce a kan dutsen Aburi kada a wuce hamsin. Ta ce wanda aka ga ba ya amfani da na'urar za a ba shi takardar tuhuma. Na karanta ta sau uku. Babu layi ɗaya da ya ambaci gangara.

Na biyu. Ga abin da ya faru, kamar yadda na rubuta a littafin tafiya kowace rana da hannuna.

Ranar farko Talata ce, na sauke kaya, ina dawowa mota babu komai. Da na bar Peduase, inda gangarar take farawa, na sa kurus a hamsin, na ɗauke ƙafa daga totur kamar yadda aka koya mana. Idona yana kan kwana. Sai na ji iska ta canja murya a taga, na duba maleji, na ga sittin da uku. Na taka birki. Tiraka, wato na'urar bin sawu da kuka sa a motar, ta ce sittin da huɗu na tsawon daƙiƙa goma sha huɗu. Na yarda da tiraka, wataƙila idona ya makara. Da na iso na rubuta a littafi cewa na'urar ba ta riƙe gudu ba, na nuna wa sufabaiza. Bai ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce, "Na'ura ba ta ƙarya, kai ne ba ka iya sa ta ba."

Na ɗauka gaskiyarsa ce. Na roƙi makanikin kamfani ya duba, ya zagaya da motar a kan titin da ke bayan ofis, inda ƙasa take a shimfiɗe kamar tabarma. Ya dawo ya miƙo mini makulli, ya ce, "Malam, motarka ta fi ka lafiya." Ranar Alhamis ta mako na biyu na sake sa kurus a hamsin, a wuri ɗaya, wannan karon ina kallon lambar har ta zauna. Bayan kwana ta biyu allura ta fara hawa. Na jira kaɗan ko za ta dawo da kanta, ba ta dawo ba. Sittin da shida, daƙiƙa goma sha ɗaya. Na sake rubutawa, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Babu wanda ya sa hannu a gefen.

Rana ta uku na taso daga ma'ajiyar Koforidua da katan arba'in da biyu na ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya. Mota ta yi nauyi, na kuma sake sa kurus a hamsin a gangaren. Daƙiƙa tara kawai tiraka ta rubuta, amma a cikin taran nan allura ta kai saba'in da ɗaya. Akwai abin da tiraka ba ta gani ba, ni zan faɗa maka da kaina. Ina shan kwana sai ga trotro, motar hayar nan, ta tsaya a gefen hanya tana ɗaukar wata mata da daron ayaba. Na danne birki da duk ƙarfina, katan suka zamo suka bugi bayan kujerata. Tsakanina da trotron da na tsaya bai kai tsawon tabarmar sallah ba. Direban ya zage ni da yaren Twi, kuma yana da gaskiya. Na gangara gefe na kashe mota, na duba kayan. Babu wanda ya ji ciwo, babu katan da ya fashe. Alhamdu lillahi.

Daga ranar ban sake kunna kurus a kan dutsen ba. Na yi tafiya bakwai bayan haka, kuma in ka duba takardar tiraka ba za ka ga na wuce arba'in da takwas ba ko sau ɗaya. Sai ƙarshen wata takardar dakatarwa ta zo.

Na uku. Bayan rana ta ukun ne na laluba ƙarƙashin kujera na samo littafin motar, yana cikin ledarsa, ba a taɓa buɗe shi ba. Abin da ya yi bayani a taƙaice shi ne, wannan irin kurus ɗin mai kawai take iya ƙarawa ko ragewa, ba ta da hannu a birki. A kan tudu takan ƙara mai ta riƙe gudu. A gangara iyakarta ta janye mai, daga nan nauyin mota ne ke tuƙi. Littafin ya ba da shawara a kashe ta a irin wannan wuri, a mayar da giya ƙasa. Ke nan ba lalacewa ta yi ba, makaniki ya yi gaskiya. An ba ta aikin da ba nata ba ne. Na ɗauki hoton shafin na haɗa da wasiƙata ta biyu, ban sani ba ko ya iso teburinka.

Ranka ya daɗe, na'urori biyu ne a motar nan, duka na kamfani. Ɗaya aka ce in miƙa mata gudu, ta kasa riƙewa. Ɗaya ta kai ƙara. Da aka zo hukunci sai aka kama wanda ke zaune a tsakaninsu.

Na huɗu, kuma wannan a kaina ne. Ba zan ce ba ni da laifi ba. A makona na farko Baba Issaka, wanda ya fi kowa daɗewa a cikin direbobinku, ya gan ni ina nazarin takardar umarnin a bakin allo. Ya dafa ni ya ce, "Giraduwet, takardar nan ba ta taɓa sauka Aburi ba. In ka zo gangara, ba mota giya ta biyu ka bar ta ta yi kuka." Na yi masa godiya, a raina kuwa na ce tsoho ne, bai saba da sababbin motoci ba. Ashe tsofaffin direbobi duk haka suke yi, suna kunna kurus a shimfiɗaɗɗiyar hanya domin a gani, su kashe ta da sun iso dutse, ba sa gaya wa ofis komai. Ni kaɗai na bi takardar harafi da harafi. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Na je na ba Baba Issaka haƙuri, kuma shi wannan haƙurin na san dalilinsa.

Ya kamata tun ranar farko in daina kunna kurus a gangaren. Ban daina ba domin ina cikin watanni shida na gwaji, kuma ina tsoron takardar tuhuma fiye da dutsen. Na gama jami'a da digiri a ƙididdiga, na yi hidimar ƙasa, na zauna shekara biyu ina kai takardu ofis-ofis har takalmina ya san hanyar da kansa. Da wannan aikin ya samu sai na ce ba zan bar kowa ya same ni da saɓa ko layi ɗaya ba. Wannan wauta ce, kuma tawa ce. In an rubuta cewa na yi wauta, ko na yi jinkirin amfani da hankalina, zan sa hannu yau. Amma ganganci shi ne mutum ya san ƙa'ida ya take ta. Ni ƙa'idar na bi, na kuma kai rahoto sau biyu a rubuce.

Na biyar. Ka san Zango. Mahaifiyata tana sayar da koko da ƙosai a mahaɗar Kawukudi, yanzu da safe ni ke taya ta ɗaukar bokiti. Duk wanda ya zo saye sai ya tambaya, "Giraduwet, yau ma hutu?" Wani ya ce wa abokinsa, yadda zan ji, wai an kai yaro jami'a ya dawo bai san birki ba. Wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya fi mini nauyi shi ne Kawu. A layinmu in yaro zai nemi aikin tuƙi wurinsa ake zuwa, domin in ya ce yaron nan na san hannunsa, an gama magana. Bai ajiye gida ba, bai ajiye mota ba, wannan kalmar ce abin da ya tara. Shi ya koya mini tuƙi a filin Kanda, shi ya dangwala yatsa a fom ɗinku. Na yi masa bayanin kurus sau biyu. Ya saurara, ya ce, "Ɗana, ni ban san wannan abin ba. Na dai san durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mu je in roƙa, ka koma aikinka." Ya ɗauka zuwa ɗaya ne a wuce wurin. Bai ga cewa takardar da za a sa a gabanmu za ta zauna a fayil da sunansa a ƙasan nawa ba, tana cewa yaron da Seidu ya tsaya wa ɗan ganganci ne. Na roƙe shi ya ba ni mako guda. Makon zai ƙare Lahadi.

Saboda haka ina roƙonka abu huɗu.

Ka ba ni awa biyu, ko ka ba wanda ka amince da shi. A ɗauki motar a je Peduase, makaniki ya tuƙa, ni in zauna a baya. A sa ta a hamsin, a ɗauke ƙafa, a kalli allura, ƙafar tana kusa da birki. In ta tsaya a hamsin, ka kore ni, ba zan sake rubuta ko kalma ba.

Ka sa a gyara takardar umarnin. Zuwana na ƙarshe tana nan a allo yadda take. Motoci biyar ne irin tawa, kuma na ga sababbin fuskoki biyu a cikin direbobi. Ban sani ba ko masu karanta takarda ne irina.

Ka sa a cire kalmar ganganci daga fayil ɗina, a rubuta abin da ya faru. Gargaɗi na karɓa. Ko tsawaita gwajin za a yi, na karɓa.

Na ƙarshe, ka aika wa Kawu Seidu cewa ba sai ya zo ba. Lambarsa tana kan fom. Kai in ka faɗa zai ji. Ni ba zai ji ba.

Idan Litinin ta zo ban ji komai ba, zan rako shi, domin ba zan bar shi ya hau trotro da waɗannan gwiwoyin shi kaɗai ba, kuma matakalar ofishinka ashirin da biyu ce. Zan tsaya a bayansa ya faɗi abin da ya zo faɗa, ba zan katse babba ba. Amma in aka miƙo takardar ba zan sa hannu ba. Na san ma'anar hakan, aikin ya tafi ke nan, kuma Kawu zai yi fushi da ni wataƙila har Sallah. Na auna, na ga zan iya ɗaukar fushinsa. Abin da ba zan iya ba shi ne in rubuta ƙarya a saman sunansa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya tsare direbobinka a hawa da sauka, ya sa 'ya'yanka su sami mai sauraronsu ranar da suka tsaya a ƙofar wani.

Wassalam.

Ɗanka,
Mubarak
Mamobi, Accra